Allurar da Ba Ta Haihuwa a Jiki
Jawabi ga dattawa da shugabannin ikkilisiyoyi na yankin Auyo

Mu da muke aikin asibiti a cikin 'yan'uwa aka ba mu wannan lokaci domin mu amsa tambaya guda wadda ta ƙi mutuwa tun shekara ta 2021. Mutum zai ja mu gefe bayan sujada ya ce, "An ce allurar korona da aka yi mini ƙwayar cuta ce. Tana nan da rai a jikina? Tana haihuwa? Na ba matata ne?" Wata kuma ta ce tun lokacin take zargin kanta, gama tana shayarwa sa'ad da aka yi mata.

Amsar a taƙaice ita ce a'a. Amma a'a kawai ba za ta ishe ku ba, domin ku ake tambaya a gida da gona, kuma wanda ya yi shekaru da tsoro a zuciyarsa ba ya sakinsa saboda kalma ɗaya. Bari mu ba ku dalilin.

Da fari mu tuna abin da aka kawo mana. Ranar 2 ga Maris, 2021, jirgi ya sauke allurai kusan miliyan 4 a Abuja ta hannun shirin COVAX. Ita ce allurar AstraZeneca, wadda Farfesa Sarah Gilbert da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Oxford ta Ingila, kamfanin Serum Institute na ƙasar Indiya kuma ya sarrafa kason da ya zo mana. A watan Agusta na shekarar ta Johnson & Johnson ta iso, wadda sau ɗaya ake yi. Waɗannan biyu sun dace da irin wurinmu domin firji na yau da kullum, mai sanyin digiri 2 zuwa 8, yana riƙe su. Mutanen ƙasar Hadejia kuwa ba su manta da yawan mace-macen watan Mayu na 2020 ba, wanda ya sa gwamnatin jiha ta turo kwamitin bincike. A 2022 Jigawa da Nasarawa ne kan gaba a ƙasar nan wajen yawan waɗanda aka yi wa allurar. Wato a cikin ɗakin nan ma da yawa sun miƙa hannu.

Kada kowa ya raina mai wannan tambaya, gama akwai rigakafin da ke hayayyafa a jiki, kuma mun san shi sarai. Ɗigon shan inna da ake ɗiga wa yara a baki ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Tana ninkuwa a hanjin yaro na 'yan makonni, tana fita ta bayan gida, ta haka ne ma take koya wa hanji tsare kansa. A inda yawancin yara suka sami rigakafi, sai ta rasa wurin zuwa ta mutu. A inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan har wata da watanni, ta sake samun ƙarfi. Haka ya faru a jiharmu a 2018: aka gano irin wannan a Jigawa, ta bazu zuwa Yobe da wasu jihohi har Jamhuriyar Nijar. Maganin abin shi ne a ɗiga wa kowane yaro, kuma tun Maris na 2021 aka fara amfani da sabon ɗigo da aka gyara domin ya yi wuyar rikiɗewa. Mun kawo wannan ne domin ku ga cewa rigakafi iri-iri ne. Abin da yake gaskiya game da ɗigon shan inna ba lalle ya zama gaskiya game da allurar AstraZeneca ba.

To, yaya ƙwayar cuta irin ta bairos take haihuwa? Jikinmu an gina shi da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira tantanin halitta, kowane ɗaya kamar maƙera ce mai kayan aikinta. Bairos ba shi da maƙera. Shi dai kwanso ne da rubutu a ciki, rubutun kuwa umarni ne na yadda za a ƙera wani irinsa. Sai ya shiga tantani, tantanin ya karanta umarnin, ya bar aikinsa ya koma ƙera bairos dubbai, ya fashe, su fito su shiga na kusa. Duk wanda ya ga yadda kacala ta cinye magudanun ruwa a fadamun nan ya san wannan hali: ka bar tushe ɗaya bana, baɗi ba ka ga hanyar kwale-kwale ba.

Masu bincike suka lura cewa bairos gwani ne wajen abu ɗaya, wato shigar da rubutu cikin tantani. Suka ce to, bari mu mai da shi ɗan aike. Suka ɗauki wani da ake kira adenobairos, dangin da ke kawo mura da jan ido, kusan kowa a nan ya taɓa kamuwa da wani daga cikinsu tun yana yaro. Na Johnson & Johnson irin na mutane ne wanda bai cika yawo ba, lamba 26. Na Oxford daga birin cimfanzi aka samo asalinsa, aka sa masa suna ChAdOx1. Wannan magana ta biri ta jawo ba'a da tsoro, har ana cewa za a mai da mutane birai. Dalilin zaɓensa kuwa mai sauƙi ne. Idan aka aiko ɗan aiken da jikinka ya riga ya sani a matsayin abokin gaba, za a kashe shi a bakin ƙofa kafin ya ba da saƙo. Shi ya sa aka nemo baƙo. Babu jini ko naman biri a cikin kwalbar.

Saƙon da aka ba shi gajere ne. Ƙwayar korona tana da ƙayoyi a bayanta waɗanda take maƙalewa da su a jikin tantani. Rubutun yadda ake ƙera wannan ƙaya kaɗai aka ɗauka aka sa a cikin ɗan aiken. Sauran rubutun korona ba ya ciki, saboda haka ba yadda za a yi allurar ta haifar da korona. Idan aka yi maka ita a dantse, 'yan aiken su shiga tantanin da ke wurin, tantanin ya karanta, ya ƙera ƙayar, ya nuna ta a waje. Garkuwar jiki ta ga abin da ba ta sani ba, ta taso, ta ƙera makaman da suka dace da shi, ta kuma riƙe kamanninsa. Ran da korona ta gaske ta zo, sai ta tarar an san ta.

Yanzu mun zo ga zuciyar maganar, muna roƙo ku saurara da kyau.

Rubutun adenobairos yana da haruffa wajen 36,000, an kasa shi sashe-sashe, kowane sashe da aikinsa. Akwai wani da ake kira E1. Shi ne tantani ke fara karantawa, kuma shi ne ke ba da izinin a buɗe sauran. Shi ke tilasta wa tantani ya ajiye aikinsa ya shiga kwafar rubutun bairos da ƙera sababbin kwansuna. In babu E1, aikin haihuwa ba ya tashi. Wannan sashe ne aka yanke aka fitar gaba ɗaya, a gurbinsa kuma aka dasa rubutun ƙayar korona. Ku lura da bambancin. Ba raunana shi aka yi ba kamar na ɗigon shan inna, wanda in ya sami lokaci yana iya murmurewa. Cire shi aka yi. An kuma cire wani sashe, E3, wanda ke taimakon bairos ya ɓuya wa garkuwar jiki.

Manomi ya san wannan tun kafin likita. San huɗa da aka dandaƙe yana ja, yana ci, yana da ƙarfinsa, amma ko ka bar shi shekara goma cikin garke ba za ka ga ɗan maraƙinsa ba. Haka ɗan aiken nan. Yana iya shiga tantani sau ɗaya ya ba da saƙo. Daga wannan tantani babu sabon bairos da zai fito ya shiga na biyu. Adadin da ke cikin allura ɗaya wajen biliyan 50 ne, adadi mai ban tsoro a kunne, amma an sa shi da yawa haka ne daidai domin ba zai ƙaru ba. Abin da aka zuba shi ke nan, daga ranar kuma raguwa yake yi. Tun da ba ya ninkuwa, babu abin da zai taru a hanci ko a maƙogwaro har a yi tari a ba wani. Domin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce mai shayarwa ta yaye ɗanta saboda allurar ba. 'Yar'uwar da take zargin kanta, a gaya mata ta huta.

Shi rubutun kuma, ina yake ƙarewa? Yana shiga cibiyar tantani, inda rubutun gadonmu yake, amma a gefe yake zama, gama adenobairos ba shi da kayan ɗinke kansa cikin namu. Dukanmu mun sha mura irin tasa, ba ta canja halittar kowa ba. Tantanin da ya nuna ƙayar kuwa garkuwar jiki tana share shi, jiki ya maye gurbinsa kamar yadda yake yi kullum. Wanda aka yi wa allura a 2021, abin da ya rage masa yau tunawa ce kawai a cikin garkuwar jikinsa.

Mun san akwai dattijon da tambaya ta riga ta zo masa: in dandaƙaƙƙe ne, daga ina aka samo biliyan 50 a kowace allura, har aka raba fiye da allurai biliyan 3 na AstraZeneca a duniya? Tambayar mai kiwo ke nan, kuma ita ce ta fi kowace kyau.

A masana'anta ana renon wani tantani na musamman a cikin manyan tankuna, wanda shi yake ɗauke da E1 a cikin rubutun gadonsa. Idan ɗan aike ya shiga irin wannan tantani, sai ya tarar da abin da ya rasa yana jiransa, ya ninku. Amma 'ya'yan da suka fito kwafin uban ne, su ma ba su da E1, gama a jikin tantanin yake, ba ya bin su. Kamar a ce injin ban ruwa ne da aka cire wa fulogi, fulogin kuma aka kafe shi a bangon shagon makaniki: a shagon yana tashi, a gonarka ba ya tashi. Jikin mutum ba shi da E1. Daga nan sai a tace, a raba 'yan aiken da tantanin da suka rene su, a zuba a kwalba.

Wannan tantani yana da tarihin da ya shafe mu masu bi, kuma gara ku ji shi daga bakinmu da ku ji shi rabi-rabi a waya. Wanda aka yi amfani da shi domin AstraZeneca ana kiransa HEK 293. A 1973 wani mai bincike, Frank Graham, ya samar da shi a birnin Leiden na ƙasar Holan daga ƙodar ɗan tayin da aka zubar. Na Johnson & Johnson, PER.C6, asalinsa daga idon wani ɗan tayi ne da aka zubar a 1985, a ƙasar ɗaya. Tun daga lokacin tantanin ke ta rabuwa a ɗakunan bincike, tsara bayan tsara. Ba a zubar da wani ciki domin a yi allurar korona ba, ba a kuma buƙatar haka domin a ci gaba da yin ta. Tantanin kansa ba ya cikin abin da aka yi maka, an tace shi, sai dai burbushin da hukumomi suka ƙayyade iyakarsa. Ikkilisiyoyi sun yi nazarin wannan. A Disamba na 2020 fadar Paparoma ta ba da sanarwa cewa karɓar irin wannan allura, inda babu wata a hannu, ba tarayya ba ce cikin zubar da ciki. Mu ma ra'ayinmu ke nan, mun kuwa karɓa. Amma ɗan'uwan da lamirinsa bai kwanta ba yana da haƙƙin ya tambayi ko akwai wata iri, kuma bai kamata a yi masa dariya ba.

Saura wata ƙofa guda da mai hankali zai nema. Tun da a masana'anta ɗan aike da E1 suna cikin tantani ɗaya, ba zai iya sato shi ya fito da shi ba? Yana yiwuwa, in ƙarshen rubutun biyu sun yi kama sosai har suka haɗu. E1 na cikin HEK 293 na adenobairos lamba 5 ne, saboda haka ɗan aiken da aka yi da lamba 5 shi ya fi wannan haɗari. A Afrilu na 2021 hukumar magunguna ta Brazil ta ƙi amincewa da shigo da allurar Sputnik V ta Rasha, ɗaya daga cikin dalilanta kuwa shi ne zargin samun bairos mai iya ninkuwa a kashin da aka yi da lamba 5. Masu allurar sun musa. Na cimfanzi rubutunsa ya bambanta da lamba 5, shi kuwa PER.C6 tun farko an tsara shi ne yadda ba za a sami wurin haɗuwar ba. Duk da haka doka ta sa a gwada kowane kaso kafin ya bar masana'anta: a zuba shi kan tantanin da ba shi da E1 a ga ko wani abu zai tsiro. Ko da ɗaya ya kuɓuce da E1, to a gurbin rubutun ƙayar zai zauna, abin da za a samu kuma ƙwayar mura ce, ba korona ba.

Zazzaɓi da ciwon jiki na kwana ɗaya ko biyu da yawancinmu muka ji ba alamar cuta tana yaɗuwa ba ne, garkuwar jiki ce ta tashi. Akwai kuma wata illa ta gaske da ba za mu ɓoye ba. A 2021 hukumomin Turai suka tabbatar cewa a cikin mutane ƙalilan alluran nan biyu suna jawo gudajin jini tare da faɗuwar ƙwayoyin da ke tsayar da jini, wasu sun mutu. A Birtaniya an ƙiyasta kamar mutum 1 cikin 50,000 na waɗanda ba su kai shekara 50 ba, bayan allurar farko ta AstraZeneca. Garkuwar jikin mutumin ce take kuskure ta juya kan wani sinadari na jininsa. Abin yana bayyana ne cikin makonnin farko, yawanci kafin wata ɗaya ya cika. Wanda hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki ya same shi shekara uku bayan allura, a kai shi asibiti a auna shi, kada a zauna ana cewa allura ce ta farka. Mun ga yadda wannan zato yake sa a yi jinkiri da mara lafiya har lokacin taimako ya wuce, abin yana ba mu ciwo ƙwarai.

Yau ba a yin waɗannan allurai biyu. Amurka ta janye izinin ta Johnson & Johnson a 2023, kamfanin AstraZeneca kuma ya janye tasa daga kasuwa a Mayu na 2024, yana cewa sababbin allurai da suka dace da sauye-sauyen korona sun maye gurbinta. To me ya sa muka tara ku a kan abin da ya wuce? Domin dabarar ba ta wuce ba, kuma inda za ta sake zuwa mana kusa ne.

Zazzaɓin Lassa ya sami sunansa daga garin Lassa na jihar Borno ta yau. A 1969 aka fara gane shi, sa'ad da ya kama wata nas ta mishan, Laura Wine, aka kai ta asibitin mishan a Jos ta rasu a can. Fiye da shekara 50 ke nan yana kashe mutane a ƙasar nan kowane rani, ɓeraye na kai shi cikin rumbu da ɗakin girki, yana kuma kashe ma'aikatan asibiti. Har yanzu babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita. A Afrilu na 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata a Abuja, wadda ƙungiyar IAVI ta tsara. Ita ma ɗan aike take amfani da shi, amma wani dabam, bairos da ke sa wa shanu da dawaki ƙuraje a baki, ana kiransa VSV. A nan ne muke so ku riƙe bambanci: shi wannan ɗan aike yana ninkuwa a jiki na ɗan lokaci kafin garkuwa ta kawar da shi. Da shi aka yi allurar Ebola mai suna Ervebo, wadda aka gwada a Gini a 2015 aka amince da ita a 2019, ta kuwa ceci rayuka da dama a Kwango. Masu binciken Oxford kuma suna aiki kan tasu allurar Lassa bisa ChAdOx1, wanda ba ya ninkuwa.

Saboda haka kada dattijo ya tashi daga nan ya je ya ce duk allurar ɗan aike ba ta haihuwa. Abin da muka tabbatar muku game da na adenobairos ne da aka cire wa E1. Ran da masu rigakafi suka zo da wata sabuwa suka nemi ku yi sanarwa a majami'a, ku tambaye su sunanta, ku tambaya ko mai ninkuwa ce ko marar ninkuwa. In mai ninkuwa ce, ku tambayi abin da aka ce game da masu juna biyu, da masu cutar ƙanjamau, da waɗanda wata jinya ta raunana garkuwarsu, gama a kansu ne bambancin yake da nauyi. Ku nemi ganin amincewar hukumar NAFDAC. Ma'aikacin da bai san amsa ba ya koma ya tambayo na gaba da shi, ku kuma ku jira shi kafin ku yi sanarwar.

Wanda yake da katinsa na 2021 ko 2022 ya duba, sunan allurar da aka yi masa yana rubuce a kai. Wasu za su ga Moderna ko Pfizer, waɗannan ba su da ɗan aike na bairos ko kaɗan, bayaninsu na wata rana ne. Masu katin da ba su iya karanta shi su kawo mana bayan an tashi, muna nan a bakin ƙofa har a gama.